Sharhi kan ajin shirin intabiyu na injiniyoyin gini a Agege

Na halarci wani aji da ake gudanarwa a ƙarshen mako a Agege domin shirya matasan injiniyoyi fuskantar intabiyun ɗaukar aiki, kuma ina ganin ya dace in bayyana abin da na tarar a cikinsa, saboda 'yan uwa da yawa da suka kammala bautar ƙasa a Legas suna tambayata ko kuɗin da ake biya yana da amfani. Mai ajin dattijo ne ɗan Arewa wanda ya daɗe yana kula da ayyukan gini a wannan gari. Yana koyarwa da Turanci, tun da da shi ake yin intabiyu, amma idan magana ta yi tsauri yakan koma Hausa ya warware ta. An raba karatun gida biyu: yadda ake gudanar da aiki a filin gini, da kuma yadda ake auna aikin da aka yi a fitar da takardar neman biya. A ra'ayina kashi na biyu shi kaɗai ya isa ya biya mutum kuɗinsa, na farko kuwa yana da kyau amma akwai giɓi a cikinsa wanda zan yi bayani a kai.

Tsarin malamin shi ne ya zaunar da ɗalibi a gaban aji, ya jefa masa tambaya kamar yadda shugaban injiniyoyin kamfani zai yi, sannan ya bi amsar da wata tambayar har sai ya ga iyakar sanin mutum. Idan ya tambayi ma'anar haɗin kankare na 1:2:4, aka ce masa siminti kashi ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, ba ya tsayawa a nan. Zai ce a gaya masa buhu nawa na siminti kubik mita ɗaya zai ci. Dole ɗalibi ya tashi ya nuna lissafin a allo: ana ninka girman kankaren da 1.54 domin busassun kaya suna shigewa cikin juna idan an kwaɓa, a raba da 7, wato jimlar kashi 1 da 2 da 4, a ninka da kilo 1,440 wanda shi ne nauyin kubik mita na siminti, sai a sami kusan kilo 317, wato buhu shida da ɗan ɗoriya tun da kowane buhu kilo 50 ne. Daga nan sai ya ba da misalin dakin, wato rufin kankare na bene, mai tsawon mita 10, faɗin mita 8, kaurin milimita 150, ya ce a faɗi buhunan da za a sa direba ya sauke. Wanda ya fahimci hanyar zai ce kubik mita 12 ne, kusan buhu 76 kafin a ƙara na asara. Wanda ya haddace lamba kawai a nan yake tsayawa.

Haka yake yi da rodi. Kowa ya san ƙa'idar ninka kaurin rodi da kansa a raba da 162 domin samun nauyin mita ɗaya, amma shi yana so a kai lissafin har kasuwa: rodi mai milimita 12 yana da nauyin kilo 0.888 a mita, tsawonsa mita 12, saboda haka tan ɗaya zai ba da kusan sanda 94, mai milimita 16 kuma kusan 53. Wani ɗalibi ya tambaye shi, "Ranka ya daɗe, to idan dillali ya kawo tan ɗaya muka ƙirga muka ga ya haura ɗari fa?" Sai ya ce, "Injiniya, ba riba ka ci ba, rodin ne bai cika kauri ba. Ka auna shi, ka yanki samfuri ka kai gwaji, kada ka bari mai ɗaurin rodi ya taɓa shi." Irin wannan amsa ce masu ɗaukar aiki suke nema, domin tana nuna cewa mutum ya san abin da lambar take karewa.

An bi sauran tambayoyin da aka saba ji ba tare da ɓata lokaci ba: gwajin laushin kankare da mazurari mai tsayin milimita 300 wanda ake cikawa hawa uku ana soka kowane hawa sau 25, samfuran kankare masu milimita 150 da ake fasawa a kwana 7 da kwana 28, dalilin ba kankare ruwa aƙalla mako guda, bambancin siminti mai lamba 32.5 da mai 42.5, da lokacin da ya kamata kafinta ya cire katakon fila da na ƙarƙashin dakin. Ya yi ta nanata cewa idan aka tambayi mutum abin da zai yi in foman ya ce a ƙara ruwa a injin kwaɓa domin aiki ya yi sauri, amsar ba ta wuce ya hana, ya kuma iya bayyana cewa yawan ruwa yana rage ƙarfin kankare. Ya kawo maganar benen nan mai hawa 21 da ya rushe a titin Gerrard da ke Ikoyi ranar 1 ga Nuwamba 2021, inda mutane sama da 40 suka rasu, domin ya nuna mana dalilin da ya sa kamfanoni masu mutunci a Legas suke tsananta tambaya kan gwajin kayan aiki da kuma binciken da hukumar kula da gine-gine ta jihar Legas, LASBCA, take yi a matakan gini.

Inda ajin ya fi ƙarfi shi ne lissafin biyan kuɗi, abin da jami'o'inmu suke wucewa a gurguje da tunanin cewa aikin mai ƙididdigar kayan gini ne. Gaskiya ne aikinsa ne, kuma cibiyarsu ta NIQS ita ce ta fitar da kundin BESMM da ake bi wajen awo, amma a ƙananan kamfanoni da matsakaita injiniyan da ke filin aiki shi ne yake riƙe da tef da littafin awo, shi ne kuma za a tsare idan lamba ta saɓa. Malamin ya kawo BOQ, wato takardar da ke jera ayyukan gini da awonsu da farashinsu, ta wani aikin da aka riga aka kammala, an goge sunayen masu shi, ya raba mana, muka bi ta shafi bayan shafi. A nan ne mutum yake ganin cewa haƙan fandisho da kankare ana auna su da kubik mita, katakon zuba kankare da ginin bulo da filasta da murabba'in mita, rodi kuma da kilo ko tan. Ya ja hankalinmu kan cewa ana biyan haƙa ne bisa girman ramin da ke cikin zane, ba bisa tulin ƙasar da aka fitar ba, ko da yake ƙasa tana kumbura bayan an tono ta har tifa ta yi sahu fiye da yadda aka zata. Ya kuma nuna yadda ake cire ƙofofi da tagogi daga awon bango kafin a ce bulo goma ne a kowane murabba'in mita.

Misalin da ya fi zama a zuciyata shi ne na takardar biyan wata-wata. Ya ce mu ɗauka darajar aikin da aka yi daga farko zuwa yau naira miliyan 50 ce, akwai kuma kayan da aka sauke a fili ba a yi amfani da su ba na miliyan 4, kuma yarjejeniya ta yarda a biya su. Jimla miliyan 54. A cire kashi 5 cikin ɗari na kuɗin riƙo, wanda mai gini yake riƙewa a matsayin garanti, wato miliyan 2.7, saura miliyan 51.3. A cire miliyan 30 da aka riga aka biya a takardun baya, a kuma cire miliyan 3 na maido da kafin alƙalami, abin da ɗan kwangila zai karɓa shi ne miliyan 18.3, kafin a shigo da maganar haraji, wanda ya haɗa da VAT na kashi 7.5 da ake aiki da shi tun watan Fabrairun 2020. Lissafin ba shi da wuya, amma tambayoyin da suka biyo baya su ne ma'aunin. Me ya sa ake auna aiki tun daga farkonsa kowane wata maimakon a auna na watan kawai? Domin kuskuren watan jiya ya gyaru da kansa a takardar wannan wata. Yaushe ake sakin kuɗin riƙo? A yawancin yarjejeniyoyi rabi idan an miƙa aiki, rabi bayan wa'adin gyaran aibu ya cika. Idan mai gini ya zo fili ya ce da baki a faɗaɗa baranda, me injiniya zai yi? Ya nemi umarnin a rubuce, ya auna, ya ɗauki hoto, ya shigar a littafin aiki na ranar, domin canjin da ba shi da takarda shi ne yake zama rigima a lissafin ƙarshe.

Na ji daɗin yadda ya haɗa wannan da halin da ake ciki. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, farashin siminti da rodi ya yi tashin da ya sa 'yan kwangila da dama suka yi asara a ayyukan da suka karɓa da ƙayyadadden farashi. Saboda haka yanzu ana yawan tambayar mai neman aiki ko ya san sharaɗin canjin farashi a yarjejeniya, da irin rasit da shaidar da ake ajiyewa domin neman ƙari. Ban taɓa jin an yi wa wannan batu bayani mai sauƙi irin nasa ba.

Amma akwai abubuwa biyu da suka rage wa ajin armashi. Na farko, ƙaramin littafin tambayoyi da ake rabawa, da alama an tattaro yawancinsa daga intanet ne, kuma na ƙasar Indiya ne. Yana cike da ƙa'idar IS 456, da lissafin jan bulo ƙanana, alhali a Legas bulon siminti mai inci 9 da mai inci 6 ake gini da su, zanen kankare mai rodi kuma yawanci bisa ƙa'idar BS 8110 ake yin sa, duk da cewa Birtaniya ta maye gurbinsa da Eurocode 2 tun 2010. Malamin yana gyara wannan da baki a aji, amma wanda ya tafi gida ya haddace littafin zai iya ambata ƙa'idar da ba a aiki da ita a nan a gaban masu intabiyu. Ya kamata a sake rubuta shi gaba ɗaya.

Na biyu ya fi damuna. An wuce maganar ƙasa da fandisho cikin ɗan lokaci, alhali a Legas ita ce uwar tambayoyi. Ƙasar Agege da Ikeja daban take da ta Lekki, Ajah da Victoria Island, inda ruwa yake kusa da sama, wani wurin kuma fadama ce aka cike da yashi. Kamfanin da ke aiki a can zai so ya ji ko mutum ya iya karanta rahoton gwajin ƙasa, ko ya san lokacin da ake shimfiɗa fandisho guda a ƙarƙashin dukan gini da lokacin da sai an kafa turakun kankare masu zurfi, yadda ake janye ruwa daga rami kafin a zuba kankare, da dalilin ƙara kaurin kankaren da ke rufe rodi a kusa da teku saboda gishiri yana jawo tsatsa. Na faɗa wa malamin haka cikin ladabi, ya karɓa, ya ce yana neman wanda ya ƙware a fannin ya zo ya riƙa ɗaukar wannan darasi. Ina fata ya cika, domin yawancin guraben aiki masu albashi mai kyau a wancan ɓangaren gari suke.

Ɗakin karatun ƙarami ne, zafi yana damun mutane idan wuta ta ɗauke, amma ana farawa a kan lokaci kuma ana tsayawa domin salla. Kuɗin yana da ɗan nauyi ga wanda bai fara aiki ba, sai dai ana yarda a biya kashi biyu. Ina ba da shawarar ajin ga wanda ya gama digiri ko babbar difloma bai taɓa riƙe BOQ a hannunsa ba, da kuma injiniyan fili da yake son komawa ofishin kula da kwangila. Wanda zai je ya tafi da kalkuleta da zanen wani ƙaramin gini domin ya gwada awo a gida, ya yi amfani da littafin da ake rabawa da taka-tsantsan, sannan idan kamfanin da yake nema yana aiki a Lekki ko Ikoyi, ya nemi wani babban injiniya ya zauna da shi a kan rahoton gwajin ƙasa kafin ranar intabiyu.