Na je Bikin Tumaini a Dzaleka, a gidan 'yan gudun hijira na sauka

Jama'a duk wanda Allah ya kai shi Malawi lokacin bikin Tumaini, wato bikin waƙe-waƙe da al'adu da ake yi a sansanin 'yan gudun hijira na Dzaleka, don Allah kar ya kama otal a Lilongwe, ya shiga tsarin da masu shirya bikin suka yi na sauke baƙi a gidajen 'yan gudun hijira, kuɗin ma iyalin da suka sauke ka ne ke amfana da shi. Ni haka na yi kuma wallahi ban yi da-na-sani ba.

Dzaleka ɗin nan a gundumar Dowa yake, zamanin Kamuzu Banda, shugaban Malawi na farko, gidan yarin 'yan siyasa ne, sai a 1994 aka mai da shi sansani, yanzu mutanen ciki sun haura dubu 50, yawancinsu daga Kwango da Burundi da Ruwanda. Wani mawaƙi ɗan Kwango da ake kira Menes La Plume, shi ma ɗan gudun hijira ne, shi ya fara bikin a 2014 kuma shiga kyauta ne.

Matar da ta sauke ni 'yar Burundi ce, Mama nake ce mata. Ɗanta a sansanin aka haife shi, ko sau ɗaya bai taɓa taka Burundi ba amma a takarda ba ɗan Malawi ba ne, da uwarsa Kirundi yake yi, a kasuwar sansani Suwahili, da abokansa na ƙauyukan gefe kuma Cicewa kamar ɗan gida. Da ya hau dandamali sai ya fara waƙensa da Kirundi yana kiran sunan tudun da kakansa ya yi noma wanda shi a labari kawai ya san shi, can tsakiya ya juya zuwa Cicewa, nan fa 'yan Malawi da suka zo kallo suka ɗauki ihu, Mama kuwa tana gefena tana share hawaye da bakin zani. Ban ji yaren ba amma tsigar jikina sai da ta tashi, don yaron bai bar ko ɗaya ba, duka biyun nasa ne.

Ɗakin ƙarami ne, ruwa sai an bi layin famfo, ka tafi da shirinka. Ni dai kwana 2 na yi niyya sai da na ƙara ɗaya.