StrongHearts: layin wayar da ke sauraron mata 'yan asalin Amurka, da inda ƙarfinsa ya tsaya

StrongHearts layin waya ne na kyauta da aka buɗe a watan Maris na 2017 domin 'yan asalin ƙasar Amurka da Alaska, wato ƙabilun da suka riga Turawa zama a can, masu fama da duka a gidan aure, daga baya aka haɗa da waɗanda aka yi wa fyaɗe. Tun 2021 yake aiki dare da rana, ta kira, ta saƙon waya, ko ta hira a shafinsa na intanet.

Abin da ya fi cancantar yabo shi ne wuƙa da nama na hannun mai kiran. Ba a tilasta mata faɗin suna, ba a ce mata lallai ta bar mijin ko ta kai ƙara. Ana fara tabbatar da cewa tana inda za ta iya magana, sannan a tsara hanyar tsira tare da ita: inda za ta ɓoye katin shaidar ƙabilarta da takardun haihuwar yara, 'yan kuɗin mota, ƙofar da za ta bi in rikici ya tashi, da kalmar sirri tsakaninta da maƙwabciya.

Wanda bai san tarihi ba zai ɗauka wannan ladabi ne kawai. A 1976 ofishin binciken kuɗi na majalisar dokokin Amurka ya gano cewa asibitocin hukumar IHS, mai kula da lafiyar ƙabilun, sun juya wa mata 3,406 mahaifa tsakanin 1973 da 1976, a yankuna huɗu kacal daga cikin 12. Takardun neman yardarsu ba su cika ƙa'ida ba, kuma 36 daga cikinsu ba su kai shekara 21 ba. Jikokin waɗannan mata ne ke bugo waya yau. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, don haka duk mai son su yarda da shi dole ya fara da neman izininsu.

Rauninsa yana bayyana ne bayan an ajiye waya. Wadda aka yi wa fyaɗe tsere take da agogo. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72, a sha kwana 28 ba fashi. Ƙwayar hana ɗaukar ciki ta gaggawa mai levonorgestrel ta fi aiki cikin awa 72, mai ulipristal tana kaiwa awa 120. Shaidar da ke jikinta ma tana gushewa cikin 'yan kwanaki, shi ya sa ake so kada ta yi wanka kafin a duba ta, kayan da ke jikinta kuma a sa su a jakar takarda, domin leda tana riƙe danshi ta lalata shaidar. Mai ɗaga waya zai iya bayyana mata duk wannan, amma ba zai haifar mata da ƙwararriyar nas a kusa ba. A yankin ƙabilar Nabaho, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 71,000, isa asibiti kan ci sa'o'i a mota, in akwai motar. Gidajen fakewa na ƙabilun ba su kai 60 ba, alhali ƙabilun da gwamnati ta amince da su sun haura 570.

Ga kuma sarƙaƙiyar shari'a. Hukuncin Kotun Ƙoli na 1978 a ƙarar Oliphant ya hana kotunan ƙabilu hukunta wanda ba ɗan ɗaya daga cikin ƙabilun asalin ba. Dokar kare mata ta 2013 ta dawo musu da ikon a kan dukan mata, gyaran 2022 ya ƙara da fyaɗe, amma sai ƙabilar da ta cika sharuɗɗa. A nan ma'aikatan layin suna da amfani ƙwarai, domin sun san cewa wurin da abin ya faru da kuma asalin mai laifin su ke nuna ko ƙarar ta 'yan sandan ƙabila ce, ta jiha ko ta tarayya.

Mun gamsu da shi a matsayin matakin farko, da sharaɗi biyu. Wadda ke cikin haɗari a daidai lokacin ta kira 911, lambar agajin gaggawa ta Amurka, domin layin ba ya turo jami'ai. In kuma mijin yana bincika wayarta, ta ari ta wata, tunda goge saƙo ba ya share lambar daga lissafin kamfanin waya.