Whitman, Higbie ko Danckwerts: wace ka'ida za a ɗauka?

Ɗan'uwanmu da ke karatu a Zahran ya tambaya: cikin ka'idoji uku na shigar gas cikin ruwa, wacce zai ɗauka don lissafin hasumiyar da ke tsame CO2 da ruwan amin (sinadarin da ke haɗuwa da CO2 ya riƙe shi), irin waɗanda ake aiki da su a Jubail?

Whitman, a 1923, ya ɗauka akwai siririn ruwa mara motsi a fuskar da gas ke taɓawa, mai kauri δ, saboda haka kL, wato ma'aunin saurin shigar gas ta ɓangaren ruwa, shi ne kL = D/δ. Yaɗuwar CO2 a ruwa, wato D, kusan 1.9×10⁻⁹ m²/s ce a zafin digiri 25. Idan kL ya kai 10⁻⁴ m/s, δ zai zama kusan mikron 20, bai kai kaurin gashin kai ba. Sai dai ba a auna δ, daga kL ɗin ake ciro shi.

Higbie, a 1935, ya ce kowane ɗigon ruwa yana zuwa fuska, ya yi lokaci t, ya koma: kL = 2√(D/πt). Nan akwai abin kamawa. Kumfa mai faɗin milimita 3 da ke tashi da gudun mita 0.25 a daƙiƙa tana ba da t = daƙiƙa 0.012, kL kuma kusan 4.5×10⁻⁴ m/s. Danckwerts ya zo a 1951 ya ce lokutan ba ɗaya ba ne, ya kawo saurin sabuntawa s: kL = √(Ds). Gwaje-gwaje sun fi goyon bayan waɗannan biyun.

Amma Malam, da zarar amin ya fara cin gas ɗin, bambancin kaɗan ne. Ka fitar da lambar Hatta, wadda ke gwada saurin cin gas da saurin shigarsa: Ha = √(Dk₁)/kL, inda k₁ shi ne ma'aunin saurin da amin ke cin gas ɗin. E shi ne ninkin da amin ke ƙara wa saurin shigar gas. Whitman yana ba da E = Ha/tanh Ha, Danckwerts E = √(1+Ha²). A Ha = 1, 1.31 ne da 1.41. A Ha = 3, 3.01 da 3.16. Sama da haka kL ma ya fice daga lissafin, saura faɗin fuskar haɗuwa. Ka ɗauki Whitman, ya fi sauƙi.

Inda ake faɗawa rami biyu ne. Na farko, juya kL da aka auna da wani gas zuwa naka: yi da √D, ba D ba. Na biyu, waɗancan lissafin E suna aiki ne muddin amin bai ƙare a fuska ba. H2S, wani gas da shi ma ake tsamewa da amin, nan take yake haɗuwa da amin, don haka shi sai ka lissafa iyakar E daga yawan amin da yaɗuwarsa, ka kuma duba tirjiyar ɓangaren gas, don sau da yawa ita ke riƙe da linzami.