Saƙo daga Birmingham kan taurin ciki da cin ruwa

Assalamu alaikum Yaya. Da fatan kana lafiya, da iyali, da jikin Inna. A gaida mutanen gida duka, na cikin birni da na Tudun Wada. Saƙonka ya iso, inda ka ce in nemo wa Inna maganin taurin ciki irin na Turawa, kai kuma in haɗo maka man cin ruwa tunda damina ta kankama. Ba kai kaɗai ka yi mini wannan aike ba, shi ya sa na ga gara in rubuta a inda sauran 'yan'uwa za su gani. Magana ta gaskiya, yawancin abin da ake sayarwa a nan da tsada kuna da shi a kasuwar Sabon Gari. Abin da suka fi mu shi ne awo, da sanin lokacin da ya kamata a ajiye maganin gida a tafi asibiti.

Ka san aikina a gidan kula da tsofaffi ne, kuma a can babu ranar da za ta fito ta faɗi ba a yi zancen bayan gida ba. Kowane tsoho yana da takardarsa, ana rubuta yaushe ya zaga da kuma yadda abin ya fito. Akwai wani jadawali da likitoci suka fitar a birnin Bristol a 1997, wanda ya kasa bayan gida kashi 7. Na 1 da na 2 su ne masu tauri, guntu-guntu kamar kashin awaki, na 3 da na 4 su ne na lafiya, na 6 da na 7 kuma gudawa ce. A ƙa'idarsu, ana cewa mutum yana da taurin ciki idan bai kai sau 3 a mako ba, ko kuma sai ya yi ta nishi da yunƙuri kafin ya fita. Wannan ya kamata mutanenmu su ji, domin a gida da zarar mutum ya tsallake kwana ɗaya sai ya tashi neman maganin wankin ciki, alhali wani haka Allah ya yi hanjinsa.

Kafin a ba tsoho ƙwaya, da ruwa da abinci da motsi ake farawa. Hukumar lafiyarsu, NHS, tana so babba ya ci giram 30 na faiba a rana, wato ɓangaren hatsi da ganye da 'ya'yan itace wanda ciki ba ya narkarwa, shi ke riƙe ruwa ya tausasa bayan gida. A nan ne abin ya taɓa ni, Yaya. Ka shiga babban kanti ka tarar da dusar alkama a kwali mai hoto, irin su All-Bran, ana saye ana zuba madara ana karya kumallo da ita. Mu kuwa sai a kai dawa ko masara inji a surfe ta tas, a bushe dusar a ba awaki, mu tuƙa farin. Daga baya ma muka koma farar shinkafa da burodi da taliyar yara safe da dare, sannan mu ce cutar zamani ta yi yawa. Faten tsakin nan da ake tsokanarmu da shi mu Zazzagawa, in aka zuba masa yakuwa da rama da wake da gyaɗa, ban ga abincin da ya fi shi gyara ciki a duk kantunansu ba. Haka dambu da kwaɗon zogale da miyar kuka da ta kuɓewa. Ina roƙonka a daina surfe hatsin Inna har ya yi fari, a bar masa ɗan duhunsa.

Kayanmu ma suna nan, sai dai sun sa rigar Turawa. Tun 2008 Tarayyar Turai ta yarda a sayar da garin 'ya'yan kuka a matsayin abinci, yanzu ga shi a shagunan kayan gina jiki irin su Holland & Barrett, a 'yar leda mai kyalli, kusa da zogale da aka ɗura a kafso. Tsamiya ina samunta a shagunan 'yan Pakistan da Somaliyawa na Alum Rock da Coventry Road, amma ta Indiya ce ko ta Tailan. Kuɓewa a sikeli ake auna ta, gwanda kuma daga Burazil ake kawo ta a jirgi, ɗanya-ɗanya, ba zaƙi. Nasu na gargajiya shi ne busasshen ɗan itacen da suke kira furun, ana ci ko a sha ruwansa, yana da wani sukari da ke jawo ruwa cikin hanji. Yana aiki, ban musa ba, amma wanda yake da gwanda nunanniya da mangwaro da lemo da dabino da jiƙon tsamiya bai da dalilin jiran kaya daga Ingila.

Yanzu ga inda suka yi mana nisa. Ƙwayar da aka fi sani a nan, Senokot, daga 'ya'yan sanamaki ake yin ta, ɗan'uwan filaskonmu. Bambancin shi ne kowace ƙwaya an auna abin da ke cikinta, miligiram 7.5, an rubuta a sha da dare domin tana ɗaukar awa 8 zuwa 12 kafin ta motsa ciki, kuma an hana wuce mako guda sai da izinin likita. A 2020 hukumar kula da magungunansu ta ƙara tsaurara abin, aka rage girman kwalin da ake sayarwa a kanti, aka hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba sai ta hannun mai kemis. A gida fa? Mai magani zai ɗebo da hannu ya ƙulle a takarda ya ce a tafasa a sha, ba a san na yaro ba, ba a san na tsohuwa ba. Sai ciki ya murɗa, gudawa ta ɓarke, mutum ya yi ta murna wai dattin ciki ne ke fita, alhali ruwan jikinsa da gishirin da zuciya ke buƙata ne suke tsiyayewa. Matashi zai iya ɗauka, mai shekarun Inna ba za ta iya ba. Kanwa ma a yi hattara da ita, dangin gishiri ce, ba ta dace da mai hawan jini ba. In abinci bai wadatar ba, akwai ruwan maganin nan mai zaƙi da ake rubuta lactulose a jikin kwalbarsa, ana samunsa a manyan kemis na Zariya. Yana da sauƙin hali, sai dai yakan kai kwana 2 kafin a ga aikinsa, kada a yi gajen haƙuri a ninka.

A kuma duba magungunan da take sha. Ƙwayar ƙarin jini tana busar da ciki, haka kodin da taramadol. Nan mai kemis yakan tambayi wannan tun kafin ya miƙo maka komai.

Akwai wani abu da za ka yi mamaki. Ana sayar da 'yar kujerar roba da ake ajewa gaban masan zama, mutum ya ɗora ƙafafunsa gwiwa ta haura ƙugu, domin a haka tsokar da ke riƙe ƙarshen hanji take saki, hanya ta miƙe. Tsuguno ne dai suke nema da kuɗinsu. Tunda an sa wa Inna masan zama saboda gwiwarta, a ajiye mata 'yar kujerar tsakar gida ta riƙa taka wa, kuma kada ta riƙe in ya matsa mata, musamman bayan karin safe.

Sai cin ruwa. A gida ciwon damina ne, na mata masu wanki da wanke-wanke, da manoman fadama, da mai yini cikin takalmin roba ko but irin na kuratan soja. A nan kuwa ciwon hunturu ne. Mutum zai yini awa 12 a wurin aiki cikin safa mai kauri da rufaffen takalmi, ya yi alwala a gurguje, ya mayar da safa kan jiƙaƙƙiyar ƙafa saboda sanyi. 'Yan'uwanmu da yawa suna fama da shi. Ƙwayar fangas ce ke kawo shi, dangin wadda ke kawo makero, tana son ɗumi da laima, ta fi kama tsakanin ƙaramin yatsa da na kusa da shi, wurin ya yi fari ya saɓule ya yi ƙaiƙayi, wani lokaci ya tsage. Ana ɗaukarta a daɓen banɗaki da wurin alwala da tawul da silifas ɗin da kowa ke zurawa.

Maganinsa a nan ba ya buƙatar takardar likita: Canesten, Daktarin, Lamisil. Na farkon, abin da ke cikinsa shi ne clotrimazole, kuma wannan yana nan a kemis ɗinku da araha, ka duba sunan a jikin kwali kawai. Sirrin shi ne a ci gaba da shafawa kamar yadda takardar ta ce, sau da yawa har mako 4, ko da ƙaiƙayin ya tafi tun a kwanakin farko. Wanda nake so ka guje wa shi ne man nan mai haɗi uku da ake ba kowa a gida, mai sitiroyid mai ƙarfi a ciki. Yana kashe ƙaiƙayi nan take, mutum ya ɗauka ya warke, amma yana raunana garkuwar fata, ƙwayar ta bazu a ɓoye, fatar ta yi siriri. A nan irin wannan mai ƙarfin sai likita ya rubuta, mai sauƙin ma da ake sayarwa an ƙayyade masa kwana 7.

Su ma suna da nasu na gida. Wasu suna jiƙa ƙafa a ruwan khal da aka sirka, wasu suna shafa man wani itace na Ostareliya. Ni a ganina ba su fi lallenmu da ruwan ganyen darbejiya ba, kuma dukansu taimako ne, ba sa maye gurbin man kemis in ciwon ya kama sosai. Tafarnuwa ɗanya kada a ɗaura ta a tsakanin yatsu, tana ƙona fata ta bar gyambo. Man kaɗanya na kaushi ne da faso, a shafa a dunduniya, ban da tsakanin yatsu inda ake so ya bushe. Babban maganin kuwa ku ke da shi: rana. Mu nan sai mun wanke safa a inji da ruwa mai zafin digiri 60, mu sayi hodar takalmi, mu jira kwana da kwanaki kafin takalmi ya bushe. Kai kuwa ka shanya takalminka a rana, ka riƙa musanya biyu, ka ware ɗan ƙyalle naka kai kaɗai na goge tsakanin yatsu bayan kowace alwala, in kana gida ka zauna da silifas. Idan farce ya yi kauri ya koma rawaya, wannan kuma sai likita, domin jinyarsa watanni ce kuma ƙwayarsa ana duba hanta kafin a fara.

Kada ka ɗauka komai kyauta ne a nan. Baƙi da yawa suna biyan fam 1,035 na lafiya a kowace shekara tare da kuɗin biza, kuma a Ingila kowane magani da likita ya rubuta fam 9.90 ne. Tun 2018 aka umarci likitoci su rage rubuta maganin ƙananan larurori, cikinsu har da cin ruwa da taurin ciki na lokaci-lokaci, kowa ya je kemis ya saya da kuɗinsa. Abin da nake yi mana sha'awarsa shi ne gwajin da ake aiko wa masu shekara 50 zuwa 74 har gida duk shekara 2, don gano jinin da ido ba ya gani a bayan gida, saboda kansar hanji. Mu kuwa duk jinin da aka gani sai a ce basir ne, a shekara ana jiƙe-jiƙe.

Don haka, Yaya, in Inna ta ga jini ko bayan gidanta ya yi baƙi, ko tana ramewa ba dalili, ko taurin ya wuce mako 3 bai sauya ba, a kai ta asibitin koyarwa na Shika, kada a jira saƙona. In kuma ciki ya kumbura da amai, iska ma ba ta fita, a tafi a ranar. Ka kuma faɗa wa Baffa, tunda yana da ciwon suga, ko 'yar tsaga ya gani a yatsa kada ya jiƙa ƙafar a ruwan zafi ko ya sa mata reza, ya nuna wa likita. Zan ba mai tahowa Fybogel na Inna, garin ɓawon wani iri ne na Indiya, ana kaɗa ƙunshi ɗaya a cikakken kofin ruwa a shanye nan take, ba a sha dab da kwanciya barci. Naka man kuma ka saya a nan Zariya ka fara shafawa tun yau.