HxD: Manhajar Leƙa Cikin Fayil da Waɗanda Take Yi wa Rana

Duk abin da ke ajiye a kwamfuta, hoto ne ko waƙa ko takarda, jerin lambobi ne da ake kira bayit, kuma kowane bayit yana ɗaukar ƙima daga 0 zuwa 255. Manhajojin da muka saba da su suna ɓoye wannan jeri, su nuna mana abin da suka fassara kawai. HxD, wadda Maël Hörz ya ƙirƙira a Jamus kuma ake samunta kyauta a Windows, tana shimfiɗa bayit ɗin ne kamar yadda suke, cikin ƙirge mai tushe 16 wanda ke amfani da 0 zuwa 9 da haruffan A zuwa F, ta yadda 00 shi ne mafi ƙanƙanta, FF kuma shi ne 255.

Fuskarta ba ta da ado. A hagu akwai lambar da ke nuna nisan wuri daga farkon fayil, a tsakiya bayit ɗin, a dama kuma haruffan da suka dace da su idan akwai. Tana buɗe manyan fayiloli nan take domin ba ta kwashe su gaba ɗaya zuwa ƙwaƙwalwar kwamfuta, kuma duk bayit ɗin da aka sauya yana komawa ja har sai an adana.

A ganina, waɗanda suka fi cin moriyarta su ne masu dubawa kawai ba tare da sun taɓa komai ba. Sunan fayil yana iya yaudarar mutum, amma bayit ɗin farko su ne ke tona asirinsa: hoton JPEG yana farawa da FF D8 FF, na PNG da 89 50 4E 47, takardar PDF da 25 50 44 46, shirin da Windows ke kunnawa kuwa da 4D 5A. Ma'aikacin da aka aiko wa wata takarda mai shakku, ya buɗe ta a HxD ya ga 4D 5A a farkonta, ya san cewa shiri ne aka yi wa shigar burtu, kuma bai kunna shi ba, tunda manhajar nuna bayit ɗinsa kawai take yi, ba ta kunna shiri. Haka mai ƙoƙarin ceto hotuna daga katin ajiya da ya rikice zai iya bin sawun waɗannan alamomi, domin HxD tana buɗe faifai kai tsaye ko da jadawalin fayilolinsa ya lalace.

Akwai wani rukuni da ba a cika tunawa da shi ba, wato masu aikin rubutu. Wanda ya taɓa ganin harafin ƙ ya rikiɗe ya zama Æ™ zai fahimci dalili cikin minti ɗaya a nan: a UTF-8, tsarin ajiye haruffa a matsayin bayit, harafin bayit biyu ne, C6 99, sai wata manhaja ta karanta su ɗaiɗai da tsohon tsarin Windows-1252. Rubutun bai lalace ba ke nan, karatun ne ya kauce, kuma sanin haka yana hana mutum sake buga shafuka da hannu.

Masu rubuta manhaja da masu binciken tsaro su ne 'yan gida, ba sai an yi dogon bayani a kansu ba. Suna amfana da kwatanta fayiloli biyu, da lissafin tantancewa irin su CRC32 da SHA-1, da kuma taga mai fassara bayit ɗin da aka zaɓa zuwa lamba ko kwanan wata, wanda ke sauƙaƙa rikicin da injunan Intel ke jawowa, domin idan lamba ta ƙunshi bayit da yawa suna fara ajiye bayit mafi ƙarancin daraja kafin mafi girman daraja.

Rauninta shi ne ba ta yi wa kowa bayanin tsarin fayil. Tana nuna lambobi, ma'anarsu kuwa sai mai dubawa ya zo da saninsa. A wannan fanni 010 Editor, wadda ta kuɗi ce, da ImHex, wadda ta fito kyauta a 2020, sun fi ta, saboda suna rarraba fayil kashi-kashi su sa wa kowane yanki suna. Mai amfani da Linux ko macOS kuma dole ya nemi wata, kamar xxd ko Hex Fiend.

Batun gyara yana buƙatar taka-tsantsan. Maye gurbin bayit da wani yana da sauƙin haɗari, amma cusa sabo ko share ɗaya yana tura duk abin da ke bayansa, sai lambobin da ke nuna wurare a cikin fayil su daina daidai. HxD tana gargaɗi kafin girman fayil ya sauya, tana kuma ajiye kwafin tsohon fayil, sai dai wannan kariya ba ta kai ga faifai ba. Wanda zai buɗe faifai ya bar zaɓin "karantawa kawai" da HxD ke nunawa a kunne, domin sashen farko mai bayit 512, wanda ke ƙarewa da 55 AA, idan ya lalace a tsohon tsarin MBR kwamfutar ba za ta tashi ba.