Ɗakin gwajin da ya karanta hantar Yayana

Tsokar da aka ciro daga hantar Yaya ba ta wuce rabin tsinken ashana ba, siririya kamar zaren ɗinki, tana lilo cikin ruwan fomalin mai hana nama ruɓewa a 'yar kwalba. Ni na ɗauko ta daga asibiti zuwa wani ɗakin gwaji mai zaman kansa a nan Kano, cikin adaidaita sahu, hannuna dafe da aljihu kamar wanda aka aika da kuɗin sadaki.

Yaya ya daɗe da ciwon hanta nau'in B. Gwajin jini ya faɗi nasa, sikanin ya faɗi nasa daban, shi ya sa likitansa ya ce a ɗebo naman a gani. An kashe wurin da allura, an soka ta tsakanin haƙarƙarin dama, ya yi awanni kwance a kan gefen nan saboda gudun zubar jini.

A teburin karɓar mutane dai, ma'aikatan ɗakin gwajin ba su burge ni ba. Kwana 7 suka ce, sai da muka cinye 13. Wayarsu ta yi ta ringin ba mai ɗagawa, zuwana uku ana ce mini "ka dawo jibi". Mai jiran sakamakon hanta kuwa ba ya barci, haka ma iyalinsa.

Abin da ya wanke su likitar da ta karanta naman ce. Ba ta miƙo mana takarda ta sallame mu ba. Ta zaunar da Yaya, ta haska mana gilashin da aka ɗora naman a kai a kwamfuta. Hanta ja-ja, sai ga wasu zare-zare shuɗaye suna ratsa ta. Ta ce rinin Masson ne ke mai da tabo shuɗi, kuma yawan shuɗin nan shi ake aunawa da ma'aunin METAVIR, daga F0, wato ba tabo, zuwa F4, hantar da ta riga ta taurare. Na Yaya F2 ne, kumburin kuma A2, wato matsakaici. Ta nuna mana wasu ƙwayoyi masu dishi-dishi kamar gilashin da aka goge da yashi, ta ce sawun cutar B ke nan.

Ni abin da ya fi kwantar mini da hankali ƙirgarta ce. Ta ƙirga mahaɗar jijiyoyi da hanyar ruwan matsarmama da ke cikin tsokar, ta samu 12. Ta ce da sun yi kaɗan, da ta rubuta cewa naman bai isa a yanke hukunci ba, domin abin da allura ke cirowa kusan kashi 1 ne cikin 50,000 na hanta, tana iya kauce wa inda ɓarnar take.

Can sai ta ɗago ta ce, "Malam, ban da maganin asibiti, kana shan jiƙe-jiƙe?"

Yaya ya sunkuyar da kai. Na ce, "Yaya, ka faɗa mata mana." Ashe gora biyu yake shanyewa a mako. Ta rubuta wannan ma a rahoton, ta ce a kai wa likitansa, ita ba ta rubuta magani. Yanzu yana kan tenofovir, ƙwaya ɗaya kullum.

Wanda zai je, ya tafi da duk takardun gwajin jininsa, don sai da ta nemi namu na koma gida na ɗauko. Kuɗin da ɗan nauyi, kuma kujeru huɗu ne kacal a wurin jira.