Littafin wa za a saya wa ɗalibin da ke nazarin gwagwarmayar baƙaƙen fatan Amurka?

Ƙanwata ce ta kira ni, wai an ba ɗanta aiki a makaranta: ya zaɓi wani fitaccen Ba'amurke, ya bi ta rayuwarsa ya bayyana yadda ƙasar take a shekarun 1950 da 1960. Ta ce, "Yaya, kuɗin littafi ɗaya gare ni, wanne zan saya?" Ban yi wata-wata ba na ce na Malcolm X.

Sunansa The Autobiography of Malcolm X, Malcolm ya ba da labarin da bakinsa, Alex Haley ya rubuta, ya fito a 1965, shekarar da aka harbe shi a birnin New York ranar 21 ga Fabrairu. Abin da ya sa na fifita shi, mutumin ya ratsa zamanin nan tun daga ƙasa. An haife shi a Omaha a 1925. Yana ɗan shekara shida aka tsinci mahaifinsa a kan layin jirgin ƙasa na cikin gari, ya rasu, daga baya aka kai mahaifiyarsa asibitin masu taɓin hankali, 'ya'yan suka watse gidajen mutane. Akwai wurin da ya gaya wa malaminsa Bature yana son zama lauya, malamin ya ce wannan ba na baƙar fata ba ne, ya nemi aikin kafinta. Yaron da ya karanta wannan shafin ya gane wariyar launin fata fiye da wanda ya haddace sunayen dokoki goma. Daga nan sai kurkuku a 1946, inda ya zauna yana kwafe ƙamus da hannu, kalma bayan kalma, har ya fito a 1952. Ga kuma abin da zai ja ɗan wajenmu: ya yi aikin Hajji a 1964, ya biyo ta Nijeriya, ɗalibai a Ibadan suka raɗa masa suna Omowale.

Sai dai babba ya zauna kusa. Babukan farko akwai caca da ƙwaya da mata, kuma aƙidar ƙungiyar Nation of Islam ta Elijah Muhammad, wadda Malcolm ya daɗe yana wa'azi da sunanta, ba ita ce Musuluncin da muka sani ba. Shi kansa ya bar ta a 1964.

In yaron bai kai sha biyar ba, a nemo masa My Story na Rosa Parks. Turancinsa mai sauƙi ne, kuma yana gyara tatsuniyar nan ta cewa wata tsohuwa ce gajiya ta hana ta tashi daga kujerar bas ta ba Bature wuri a Montgomery ranar 1 ga Disamba 1955. Shekarunta 42, kuma sakatariyar NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata, ce a garin. Na Martin Luther King, Stride Toward Freedom na 1958, yana da kyau amma bai wuce labarin ƙaurace wa bas na kwana 381 da ya biyo bayan abin da Rosa Parks ta yi ba. Ƙananan littattafan nan masu tara shahararru ɗari, kowa shafi ɗaya da hoto, kada ma a ɓata kuɗi.

Yanzu ga inda aka taɓa cuta ta. Na sayi kwafin Malcolm a hannun wani mai baza littattafai a bakin titi, naɗe cikin leda, bango na sheƙi, kyan ɗan maciji. Kuɗin bai kai rabin na kanti ba, na yi ta murna. Ina tsakiyar karatu, yana shirin tafiya Makka, sai na ga lambar shafi ta yi tsalle, babin kurkuku ya sake dawowa. Babin da na sayi littafin dominsa babu shi. Na koma washegari, mutumin ya ce shi ma haka aka kawo masa. Araha ba ta ado.

Tun daga ranar ba na biya sai an yage leda a gabana. Na jabu takardarsa shara-shara ce, rubutun bayan shafi yana leƙowa, tawada ta yi kauri a nan ta koɗe a can, in ka buɗe shi sosai gam ɗin ya ɗaye. Akwai kuma sabon salon damfara a intanet: siririn littafi mai sunan na asali da manyan baƙaƙe, a ƙasa an rubuta "taƙaitawa" da ƙananan da sai ka ƙura ido. Na gaske ya haura shafi 400, kauri gare shi. Haka kwafin PDF da ake turawa a WhatsApp, sau da yawa an yanke dogon bayanin da Haley ya rufe littafin da shi, alhali a nan ne labarin kisan yake. Maganganun da ake liƙa wa hoton Malcolm a Facebook kuwa, kada yaro ya saka ko ɗaya a aikinsa sai ya gan ta a shafi da idonsa.

Na ce wa ƙanwata ta ƙirga babuka kafin ta miƙa kuɗi, 19 ne. Ta buɗe na 17, mai suna Makka, ta bi lambobin shafinsa ɗaya bayan ɗaya, ko mai kanti zai ɓata rai.